Na'urar kiɗan da na haɗa da Raspberry Pi tana yanke sauti, a taimaka

Sadiƙu Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masana a wannan zaure. Na haɗa 'yar na'urar sauraro a gida da Raspberry Pi 3 Model B, wato 'yar ƙaramar kwamfuta mai allo ɗaya. Manhajar kunna kiɗa ta Volumio na sa mata a katin memori, na jona ƙaramin allon DAC (mai mayar da bayanan dijital zuwa sauti) mai PCM5102A, daga nan kebul ɗin sauti na RCA ya shiga tsohuwar amfilifayar da mahaifina ya bar min. Karatu da waƙoƙin gargajiya da na daɗe ina tarawa duk suna cikin faifan ajiya mai juyawa, irin na laftof, wanda na soka a USB ɗin Pi ɗin. Da wayata nake sarrafa komai ta waifai.

In tana aiki, wallahi sautin har cikin rai. Kalangu yana fita tas, ba kamar lokacin da nake amfani da ramin iyafis na jikin allon ba. To amma ana cikin sauraro sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba, wani lokacin ma ta tsallake waƙar gaba ɗaya. Rediyon intanet ma haka, musamman da dare. Akwai kuma wani ƙugi da ke fita daga lasifika. Sannan in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai in neme ta a waya in rasa, sai na kashe na sake kunnawa. Ta ina zan fara?

Ɗan Mile 12:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, gaskiya zan faɗa maka, lasifikar bulutut ɗaya ta raba ka da wannan wahalar. Ka jona da waya, ka ji abinka.

Sadiƙu Agege:
Na gode Yaya, ina da ita ai. Amma in kira ya shigo kiɗa ya tsaya, in na fita da waya gida ya yi tsit. Mahaifiyata tana son karatu yana tashi a falo tun daga asuba, ko ina nan ko ba na nan. Shi ya sa na haɗa wannan.

Maman Hanifa:
Sadiƙu, tunda ka ce da dare abin ya fi tsanani, ni waifai nake zargi. Pi 3 Model B ba ta da 5GHz, 2.4GHz kawai take kamawa, sai daga 3B+ ta 2018 aka ƙara ɗayan. A gidan haya na Legas kuwa kowane ɗaki da rautarsa ko MiFi ɗinsa, da magariba kowa ya dawo ya kunna. Tashoshin da ba sa hawa kan juna a 2.4GHz uku ne kacal, 1 da 6 da 11. Gidanku mutum nawa ne, kuma ina rautar take?

Sadiƙu Agege:
Anti, ɗakuna a jere suke suna kallon juna, in na buɗe waifai a waya sunaye suna cika fuskar har sai na ja ƙasa. Rautar tana ɗakin kwana, Pi tana falo, bango ɗaya ne tsakani.

Injiniya Bala:
Salamu alaikum. Hajiya, maganarki tana kan hanya game da rediyo, amma ki duba abu ɗaya. Yaron nan ya ce waƙoƙin suna cikin faifan da ke jikin Pi ɗin. Waƙar da ke fitowa daga faifai ba ta bi ta iska, daga USB take zuwa DAC kai tsaye. Ko da ya kashe rautar baki ɗaya, wadda ta riga ta fara ya kamata ta kai ƙarshe. In ita ma tana yankewa, to akwai wata cutar daban.

Sadiƙu ɗana, amsa min waɗannan. Da wace caja kake ba ta wuta, me aka rubuta a jikinta? Kebul ɗin fa, wane iri ne, tsawonsa nawa? Sannan ka zauna kusa da allon, akwai 'yar jar fitila a gefe. Ka zuba mata ido lokacin da sautin ya yanke, ka gaya min abin da ta yi.

Sadiƙu Agege:
Baba, cajar waya ce mai saurin caji, an rubuta 18W. Kebul ɗin dogo ne, ya kai mita biyu, na saye shi ne don ya isa soket ɗin bayan kujera. Jar fitilar kuma yanzu na gani da idona: tana ɗaukewa ta dawo, daidai lokacin da faifan ya yi wani ɗan ƙara, ƙyas, kamar ya tsaya ya sake tashi.

Injiniya Bala:
Alhamdu lillahi, mun kama bakin zaren. Wannan jar fitilar bai kamata ta ƙifta ba ko sau ɗaya. Tana ɗaukewa ne idan wutar da ke isa allon ta faɗi ƙasa da kusan 4.63V.

Bari in yi bayani a tsanake, don mutane da yawa 18W ɗin nan ke ruɗarsu. Cajar waya mai sauri tana kai wannan ƙarfin ne ta hanyar ɗaga wuta zuwa 9V ko 12V, bayan sun yi yarjejeniya da wayar. Pi ba ta wannan yarjejeniyar, 5V kawai take karɓa. Ka karanta ƙananan rubutun jikin cajar ka ga abin da aka rubuta a gaban 5V, shi ne naka. Ita Pi 3 ana so a ba ta 2.5A, kuma cajar da kamfaninta ke yi 5.1V take fitarwa, da gangan aka ƙara wannan ɗigon saboda abin da zai zube a hanya.

Abin da ke zubewa a hanyar shi ne babban lamarin. Sirarran kebul ɗin nan, jan ƙarfen cikinsu bai wuce 'yan silin gashi ba. Mita ɗaya, zuwa da dawowa, zai iya kai 0.4 ohm. Ka ja 1.5A ta cikinsa, 0.6V ta tafi. Daga 5V saura 4.4V. Kai kuma naka mita biyu ne. Sai ka ɗora faifai mai juyawa, wanda lokacin tashinsa yakan ja kusan 1A shi kaɗai, alhali dukkan ramukan USB huɗu na Pi 3 jimlarsu 1.2A ce. Wuta ta faɗi, faifai ya suma, ya farfaɗo, manhaja ta neme shi ta rasa, shi ne tsallaken da kake ji.

Maman Hanifa:
Na yarda da wannan, Injiniya. Sadiƙu, mu tabbatar da shi a rubuce. Ka buɗe volumio.local/dev a burauza ka kunna SSH, wato hanyar aika wa Pi umarni daga wata na'ura, ka shiga, ka rubuta:

vcgencmd get_throttled

Ka turo abin da ya fito. Ka ƙara da dmesg | grep -i voltage.

Sadiƙu Agege:
throttled=0x50005

Na biyun kuma layuka ne rututu, duk suna maganar ƙarancin wuta.

Maman Hanifa:
To ka gani. 5 ɗin ƙarshe na nufin yanzu haka wuta ta gaza kuma an rage wa injin gudu. 5 ɗin farko na nufin hakan ya taɓa faruwa tun da aka kunna. Mai lafiya 0x0 yake nunawa. In ka gyara ka ga 0x50000, ma'ana ta faɗi a baya amma yanzu ta daidaita, wannan ma bai isa ba, sifili muke nema.

Usman Alaba:
Ni dai shawarata ya sayar da wannan ya ɗauki Pi 4. Ta 2016 ce fa wannan. A Pi 3 ramin intanet da USB duk hanya ɗaya suke bi, a Pi 4 an raba su, ga USB 3, ga 5GHz. Gyaran tsohon abu ba ya ƙarewa.

Injiniya Bala:
Usman, abin da ka faɗa game da hanyar USB gaskiya ne, amma ba shi ke damunsa ba. Sautin CD 1,411 kbps ne, ko mega ɗaya da rabi bai cika ba a daƙiƙa. USB 2 tana ɗaukar ɗaruruwan wannan. Kuma Pi 4 ta fi cin wuta, 3A take so. In ya kai ta kan irin wannan cajar da irin wannan kebul ɗin, kuɗinsa ya kashe ya sayo matsalar da ta fi ta da. Allon nan nasa ya ishi kiɗa har ya yi saura.

Usman Alaba:
Ban ƙi ba Baba, amma 5GHz ɗin fa? Rediyon zai ci gaba da sarƙewa.

Maman Hanifa:
Bango ɗaya ne tsakaninsa da rauta. Kebul ɗin intanet na mita biyar ya wuce ta saman ƙofa, an gama. Ramin Pi 3 yana ɗaukar 100 Mbps, rediyon intanet kuwa yawanci 64 ko 128 kbps ne. Babu 5GHz ɗin da zai kai waya kwanciyar hankali a gidan da ke cike da mutane.

Sadiƙu Agege:
Baba, wace irin caja zan nema? Gobe zan shiga kasuwar Computer Village.

Injiniya Bala:
Ka nemi wadda aka yi don Pi, 5.1V 2.5A, mai kebul ɗinta a manne. In ba ka samu ba, adafta mai 5V 3A ta gaske da gajeren kebul mai kauri, kada ya wuce rabin mita, ka matso da soket ɗin kusa da na'urar. Ka je da mitarka ta auna wuta. Kada ka yarda da rubutun kwali, na sha buɗe cajar da aka rubuta 3A in tarar da abin da ko 1A ba zai riƙe ba, an ma saka ɗan ƙarfe a ciki don ta yi nauyi a hannu.

In ka dawo, ka auna a jikin allon kanta, tana cikin kiɗa: a jerin ƙafafun ƙarfen da ke gefen allon, jan tsinken mita a ƙafa ta 2, baƙi a ƙafa ta 6. Ka natsu sosai, ƙafa ta 1 tana maƙwabtaka da ta 2 kuma 3.3V ce, in tsinken ya zame ya haɗa su allon zai iya mutuwa nan take. Ya fi kyau ka soka 'yan wayoyin gwaji a ƙafafun tana kashe, sannan ka auna a bakinsu.

Shi kuma faifan, ko ka ba shi wutarsa daban ta hob ɗin USB mai adafta, ko ka kwashe abin da kuka fi ji ka zuba a filasha. Filasha ba ta da injin da zai juya.

Malam Garba Idi-Araba:
A kan filasha ina da jan kunne. Na taɓa sayen wadda aka rubuta 128GB a wani shago, na zuba karatu cikakke, na farko-farkon suna tashi, na baya duk sun zama fanko. Cikinta bai kai abin da aka rubuta ba. Duk filasha ko katin da ka saya, ka gwada shi da H2testw a kwamfuta kafin ka amince masa. Yana cika shi ne ya sake karantawa, ƙarya ba ta ɓuya.

Sadiƙu Agege:
Barkanmu da yamma. Ga rahoto. Na samo adafta mai kebul a manne. Kafin in canza na auna tsohuwar, 4.5V take nunawa, in faifai ya motsa ta gangara ƙasa da haka. Sabuwar tana tsaye a 5.0V. Jar fitila ba ta ƙifta ba, umarnin Anti ya ba ni 0x0. Tun la'asar karatu ke tashi daga faifan, ko sau ɗaya bai yanke ba. Na ja kebul daga rauta, rediyo ma ya zauna, na ji labaran RFI Hausa daga farko har ƙarshe. Allah ya saka da alheri.

Saura ƙugin. Ya ragu amma yana nan.

Injiniya Bala:
Madalla. Yanzu ƙugin, kada mu yi ta canki-canka. Ka siffanta min shi. Mai kauri ne a ƙasa, wuuu, ba ya canzawa? Ko siriri ne mai tsiwa da ke motsi in kana taɓa waya? Kuma a wutar gwamnati ne ko a inji?

Sadiƙu Agege:
Da biyu ne. Siririn ya tafi da tsohuwar caja. Mai kaurin yana nan kaɗan a wutar gwamnati, amma in muka koma inbata sai ya zama zzzz mai ƙarfi, har jikin amfilifayar yana rawa in na ɗora hannu.

Injiniya Bala:
Gwaji biyu. Na farko, kuna kan inbata, ka zare RCA daga bayan amfilifayar gaba ɗaya ka saurara. Na biyu, a wutar gwamnati, ka mayar da RCA, ka kunna Pi da fawa bank ba tare da ta taɓa soket ba.

Sadiƙu Agege:
Na farko: ko da na zare, zzzz ɗin yana nan. Na biyu: da fawa bank ƙugin ya ragu sosai, da na zare kebul ɗin talabijin da ke shiga bayan amfilifayar kuma sai ya ɓace ɗif.

Injiniya Bala:
To abu biyu ne, kuma Pi ba ta da laifi a ko ɗaya. Na inbata, inbatarku ba ta fitar da wuta mai santsi irin ta gwamnati, mai hawa-hawa take fitarwa. Fanka ma in ka saurara za ka ji tana kuka a kanta. Taransifomar cikin tsohuwar amfilifaya ba ta son wannan, tana ƙara tana zafi. Maganinsa inbata mai tsantsar igiyar sine, in hali ya yi. Kafin nan ni ba zan bar amfilifayar mahaifinka ta daɗe a kan waccan ba, irin waɗannan taransifomar in ta ƙone samun mai naɗa ta daidai aiki ne.

Na biyun kuma 50Hz ɗin wutar gari ce ke zagayowa ta jikin kebul ɗin sauti, saboda na'urorin suna haɗe da juna ta RCA amma kowacce da soket ɗinta. Ka haɗa Pi da amfilifaya da talabijin a kan ekstenshan ɗaya. In bai tafi ba, akwai 'yar na'ura mai ƙananan taransifoma biyu da ake sa wa a layin RCA, masu haɗa kiɗan mota sun san ta, ka sa a layin talabijin ɗin.

Ɗan Mile 12:
Wani mai gyara ya taɓa ce min a cire ƙafar atin ta fulogin amfilifaya, ƙugi zai tafi. Ya gwada mana.

Injiniya Bala:
A'a. Sadiƙu, kada ka kuskura. Ƙugin zai iya tafiya, amma wannan ƙafar ita ce ke kwashe wuta in waya ta ɓalle a ciki ta taɓa jikin ƙarfen. Ka cire ta, ranar da hakan ta faru wanda ya taɓa amfilifayar shi ne hanyar wutar. Gida ne mai tsohuwa da yara, ga damina, ga ƙasa da danshi. Na roƙe ku, duk mai karanta wannan, kada ya yi.

Ɗan Mile 12:
Allah ya huci zuciyar Baba, na janye.

Maman Hanifa:
Mu koma kan ɓacewarta bayan an dawo da wuta, wannan ɓangarena ne. Pi tana riga rauta tashi. Ta nemi waifai ɗin gida ba ta gani ba, sai Volumio ta buɗe nata waifai ɗin mai sunanta tana jiran a zo a saita ta. Kai kana nemanta a layin gida, ita tana can ta kafa nata. Yanzu da ka sa kebul wannan zai ragu. Ka shiga saitin sadarwa ka kashe wannan hotsifot ɗin, ka kashe waifai ɗinta ma tunda ba ka bukata. Sannan a cikin rauta ka ɗaure mata lambar IP guda, wato adireshinta a layin gida, don wasu wayoyin Android ba sa gane adireshin volumio.local, kuma in lambar tana canzawa kullum sai ka yi ta lalube. Ka ajiye lambar a fuskar wayar Mama, ta danna kawai.

Malam Garba Idi-Araba:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi ci min rai a nawa. Ɗauke wuta ba sallama yana lalata katin memori. In Pi tana cikin rubutu aka yanke, wata rana za ka kunna ta ƙi tashi. Ni shi ya sa na koma wata manhajar, piCorePlayer. Ita in ta tashi gaba ɗayanta a RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta cikin Pi, take zama, ba ta rubutu a kati sai ka ce ta adana. Sai dai tana tafiya ne da manhajar da ke tura mata waƙoƙi, Lyrion Music Server, wadda a da ake kira Logitech Media Server, za ka iya sa ta a Pi ɗin ɗaya, amma ka ajiye ma'ajiyar bayananta a filasha.

Usman Alaba:
Malam, yanzu yaro ya samu abu ya zauna, za ka ce ya rushe ya sake gini? Fawa bank ya sa a tsakani, tana caji tana ba Pi wuta.

Malam Garba Idi-Araba:
Na gwada wannan. Da yawansu in wuta ta ɗauke sukan yanke fitarwa na ƙiftawar ido kafin su koma batir, Pi kuma ba ta yafe ko wannan, sai ta sake tashi. Wasu ma ba sa caji da bayarwa lokaci guda. In zai bi ta nan ya gwada a shagon: Pi tana kunne, a zare cajar fawa bank ɗin a gani.

Injiniya Bala:
Duk ku biyun kuna da hujja. Ni abin da na yi wa nawa, ƙaramin batir 12V da cajarsa, sai allon rage wuta da na saita a 5.1V. Rauta tana shan 12V kai tsaye, Pi tana shan ta allon, ko an ɗauke wuta ba su sani ba. Mai LM2596 an rubuta masa 3A amma yana zafi sosai in ya haura 2A, a sa masa ƙarfen sanyaya. A saita shi da mita kafin a jona Pi, kuma a sa fiyus kusa da batirin. Sadiƙu, ka duba bayan rautarku ka tabbatar 12V ce kafin ka kwaikwaya.

Amma yau-yau, abin da ba ya cin ko kwabo: ka kashe ta ta cikin manhaja, ka zare katin, ka kwafi hotonsa gaba ɗaya a kwamfuta da Win32 Disk Imager. Ranar da ya lalace, ka zuba a sabon kati ka ci gaba.

Sadiƙu Agege:
Na kwafi katin, na ɗaure lambar IP, na kashe hotsifot. Ɗazu an ɗauke wuta an dawo, ta tashi da kanta na same ta a waya. Na mayar da su ekstenshan ɗaya, ƙugin wutar gari sai ka kanga kunne a lasifika kafin ka ji. A inbata kuma na daina kunna amfilifayar, ƙaramar lasifikar kwamfuta nake jonawa. Rautarmu 12V 1A ce. Baba, batir mai girman nawa zai riƙe su biyun?

Injiniya Bala:
Rautar ba za ta wuce 12W ba, Pi da filasha ka ba su 6W, ka ce 18W a sama-sama. Batir 12V 7Ah, irin na cikin UPS, 84Wh ne a takarda, amma rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato wajen awa biyu da 'yan kai. In ɗaukewar unguwarku tana wuce haka ka nemi 18Ah. Ka zo da allon shagona ranar Asabar bayan azahar, mu saita shi tare a kan mita kafin ka jona.